Aisi Uku a Kwanon Fetur

Wautar da ta fi tsaya min a wannan sana'a, tsabta ce ta jawo min ita. Ni da tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa zargina da tsabta, ni da Inna ke bi da soso har ƙofar gida ranar Juma'a, rana ɗaya tak na ce bari in wanke abu ya fita fes, sai na haɗa da rubutun da ke kansa na wanke. Rubutun bai kai tsawon farcena ba. Zan zo kansa. Amma ku ƙannena da kuke cika min bakin shago in an tashi makaranta, kuna cewa gyaran rediyo ai zama ne a inuwa ana jin kiɗa kyauta, ku fara jin yadda zaman yake.

Sunana Lawwali. Shekarata goma sha tara, bakwai daga ciki a shagon Malam Isiya na yi su, nan bakin kasuwar Dutsin-Ma. Kada ku raina bakwai ɗin nan. Shekarar mai gyara ɗaya tana cin uku. Bayana ya riga ya lanƙwashe kamar lauje, idona na dama ya fi na hagu ƙanƙanta saboda leƙen lamba, yatsuna kuwa sun sha ƙuna har in na tsoma su a kunu mai zafi kunun ne ke neman agaji.

Shekarata ta farko ban taɓa rediyo ba. Aikina fifita gawayi, domin ƙarfen liƙi biyu gare mu: na lantarki, wanda ke hutu duk lokacin da wuta ta ga dama, da na gawayi, wanda ba ya hutu, ni ma ba na yi. In na gama fifita sai in zauna tsintar ƙusoshi, ina raba manya da ƙanana a gwangwanayen madara. Maigida a Kaduna ya koyo aikin, zamanin rediyo mai kwalba, wanda sai ya ɗau zafi kafin ya yi magana. Ya dawo gida lokacin da kuɗi ke yawo a ƙasa, duk manomin da ya sayar da auduga sai ya sayi rediyo ya ɗinka masa riga mai aiki. Yakan ce a wancan zamani in abu ya ƙone, cirewa ake yi a jefar a sa sabo. Ni dai ban ga zamanin ba, labarinsa na ji.

Rediyon farko da aka bar ni na buɗe na wani dattijo ne daga Karofi. Ya ce tun da damina ta faɗi muryarsa ta dishe. Na buɗe, sai ga zanzaro ya gina gida a bayan sifika, ɗaki da falo, har da 'ya'ya a ciki. Na kankare ƙasar, rediyo ya kama magana raɗau. Dattijon ya ƙi biya, wai ai ban sa komai ba, cirewa ma na yi. Wani Bafulatani daga Wurma kuwa rantsuwa ya yi cewa rediyonsa ya manta Hausa, Faransanci kawai yake yi dare da rana. Zaren da ke jan allura ne ya tsinke, ta tsaya a tasha ɗaya. Na ɗaura masa zaren kamun kifi. Da ya ji Hausa ta dawo sai ya kawo min nono ƙwarya guda, wanda Maigida ya shanye don kada ya ɓata min ciki.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai mita, wadda allurarta ba ta motsi sai an ranƙwashe ta. Akwai sukudireba huɗu, filaya, dalma, da tsohon burushin haƙori da kwanon fetur na wanke datti. Sai abin da ya fi komai daraja, gilashin da Maigida ya ciro daga wani mataccen majigi, wanda muke ƙara girman lamba da shi. Domin wannan sana'a, ku ji da kyau, rabinta karatun lamba ne. Kowane ɗan abu a cikin rediyo yana da lambarsa, an rubuta ta da irin rubutun da tururuwa ma sai ta sa tabarau. In ka karanta daidai ka ci abinci. In ka kuskure, ka ji ƙauri.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda kayan gyara suka yi ɓatan dabo. A je Kano a dawo hannu rabbana, in ma an samu, kuɗin transisto ɗaya ya sayi akuya. Muka koma cin naman matattu. Duk rediyon da mai shi ya haƙura da shi sai mu saye, mu yi masa fiɗa, mu zuba kayan cikinsa a kwali. Wuni guda ina durƙushe da gilashi ina neman abin da zai maye gurbin wani. A shekarar ce Maigida ya kafa dokarsa: kafin ka cire abu, ka zana inda yake a bayan kwali, ka rubuta lambarsa. Na san dokar nan kamar sunana. Na sha duka a kanta sau uku.

Aikin da zan ba ku labari na Maman Yohanna ne. Mutuniyar wajen Jos ce, mijinta ya yi aikin ofis a nan garin, aka rage ma'aikata da shi, bai daɗe ba ya rasu. Abin da aka ba su na sallama shi ta sayi injin fotokwafi na hannu da shi, ta kama ɗan shago kusa da sakatariya. A lokacin duk Dutsin-Ma nata ne kaɗai. Da shi take ci da 'ya'ya huɗu, kuma ta sha faɗa cewa ranar da injin nan ya kwanta, ita da garin nan sai dai labari.

Ana nan sai aka ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata a sabuwar jiharmu, aka ce mako biyu za a yi ana karɓar takardu, a rufe ranar Juma'a ta biyu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar makaranta sai ya zaro satifiket daga ƙarƙashin katifa. Layi a shagon Maman Yohanna ya kai har gindin dalbejiyar masu faci. Wannan mako biyun shi ne kakarta, irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Ranar Talatar farko injin ya fara shaƙewa: ya yi kwafi uku ya tsaya, a kashe a kunna ya yi biyu. Da yamma aka turo mana shi a kura, tana biye tana riƙe da shi kamar mai raka mara lafiya asibiti.

"Malam, ka taimake ni," in ji ta. "Mutane sun bar takardunsu a hannuna."

"In Allah ya so gobe da la'asar ki zo ki ɗauka," in ji Maigida. Ya leƙa ciki da tocila. "Datti ne da sanyin damina. Ba wani abu ba ne."

Washegari da safe yana da suna a Dabawa, matar ƙanensa ta haihu. Da zai hau babur ya nuna ni da ɗan yatsa.

"Kai Lawwali, ƙura kaɗai za ka busa. Ka ji mi na ce?"

"Na ji, Maigida."

"Mi na ce?"

"Ƙura kaɗai."

Na busa ƙura. Minti goma na gama. Sai na tsaya ina kallon allon injin, wato farantin nan kore da duk ƙananan kaya ke zaune a kai. A gefe guda akwai wasu 'yan kaya uku da muke kira aisi a jere, baƙaƙe, masu ƙafafu kamar shanshani, kowanne a zaune cikin gurbinsa, ba a liƙe da dalma ba. Ƙafafunsu sun yi kore da tsatsa. Na ce a raina, ga ciwon nan ƙiri-ƙiri. In Maigida ya dawo ya tarar inji na aiki, ai daga yau sai dai a riƙa kirana Injiniya. Na duba lambar da kamfani ya buga a bayansu, duka ukun iri ɗaya ce, harafi da harafi. To mene ne abin zanawa a kwali, tunda 'yan uku ne? Na sa sukudireba na ɓanɓaro su, na watsa a kwanon fetur.

Kowanne akwai wata 'yar takarda mai sheƙi liƙe a gadon bayansa, irin ta cikin kwalin taba, da ɗan rubutun biro a kai. Na ɗauka ƙazantar masu shago ce. Na sa burushi na dirje su har ina waƙa. Tawadar ta narke ta bi fetur. Takarda ɗaya ta saɓule gaba ɗaya, na watsar da ita tare da dattin a kwata. Na jera su a rana suna ƙyalli, na zauna na harɗe ina jiran yabo.

Maigida ya dawo bayan azahar da ƙullin naman suna a hannu. Ya dubi gurabu uku a wofi. Ya dubi aisi uku a kan benci. Ya ajiye naman a hankali.

"Ina kwalin da ka zana?"

"Ai iri ɗaya ne, Maigida. Duba lambar."

"Ina rubutun da ke bisa takardun?"

"Na wanke."

Bai dake ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya jawo kaset biyu daga kan kanta ya miƙo min.

"Wanne ne na wa'azi, wanne ne na kiɗa?"

"Sai an sa a rediyo."

"Kamfani ɗaya, kala ɗaya, lamba ɗaya. To haka waɗanga suke. Wanga irin aisi fanko yake fitowa, kamar sabon kaset. Masu ƙera injin su ke zuba ma kowane nashi karatu, su ƙulle, sannan su rubuta mashi lamba tashi shi kaɗai a takarda. Lambar da ka gani ta gidansu ce. Wadda ka wanke ita ce sunan kowane."

"To a sayo sababbi a Kano mana."

"Ka sayo fanko uku ka yi mi da su? Miya?"

"To a gwada. In wannan bai zauna nan ba, a mai da shi can."

"Hanya shida ce, ɗaya ce daidai. Kaset in ka sa ba daidai ba, kiɗa za ka ji maimakon wa'azi. Wanga in ya zauna gurbin da ba nashi ba, wuta na iya shiga ta ƙafar da ya kamata ta fita. In ya ƙone, duk ƙasar nan ba mai zuba ma wani karatun."

Da la'asar Maman Yohanna ta zo da mai kura. Maigida ya gaya mata gaskiya tsaf, bai rage ba, bai kuma ce ni ne ba. Ba ta buƙaci a gaya mata ba, hannuna warin fetur yake yi. Ta daɗe tana kallona.

"Ɗana, uwarka ta san kana wanki haka?" in ji ta. "Da ka zo gidana, kayan yara sun taru."

Ta sallami mai kura ta tafi.

Karatun lambar da safe aka yi shi, domin Maigida ya ce sai rana tana kwance. Ya fito da benci waje, ya ɗora aisi biyun da takardarsu ta tsira, ya juya su har hasken ya riƙa shafar bayansu ta gefe. Biro, in ji shi, ko tawadarsa ta tafi, sawunsa na nan, tunda danna shi ake yi. Ya fere fensir ya tara garin bakinsa a takarda, ya dangwala da ɗan yatsa ya shafa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, ya hure. Sannan ya miƙo min gilashi.

"Idonka ya fi nawa. Kai ka ɓata, kai za ka karanta."

Na durƙusa. Da farko ba na ganin komai sai karcen burushina, ɗaruruwa, kamar kaji sun yi tono. Na rufe ido ɗaya, na ɗauke numfashi, na karkata kai har kunnena ya taɓa benci. Masu wucewa suka taru suna tambaya ko allura ce ta faɗi. Can sai ga sawu ya fito, siriri, baƙi-baƙi. Na farko: ɗaya, bakwai, huɗu. Maigida ya sa na karanta sau uku, ya juya shi ya sa na sake. Na biyun ya cinye mana har hantsi, rana ta ɗaga, muka jira ta yamma. Ɗaya, bakwai, shida. Na ukun ba shi da takarda, amma tunda an san biyu, shi ne saura.

Na miƙe ina murna, wuyana ya ƙage a karkace kamar na kazar da ke kallon shaho.

"Murnar mi kake?" in ji Maigida. "Ka san sunansu. Ka san wa ke zama ina?"

Ban sani ba. A allon ba a rubuta komai ba. Sai an ga wani injin irinsa wanda ba a taɓa ba. Maigida ya yi ta tambaya a tasha har aka ce masa akwai wani Alhaji Ɗanjuma a Kurfi, ɗan kasuwar gyaɗa, ya taɓa sayo irinsa sak, bai yi wata biyu ba gilashinsa ya fashe, ya ajiye.

Ranar Juma'a muka hau babur sai Kurfi. Aka ce Alhaji yana gona a Wurma, sai Litinin. Litinin muka koma. Muka same shi a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, Maigida ya faɗi abin da ya kawo mu.

"A buɗe?" in ji Alhaji. "Injina?"

"Leƙawa kaɗai za mu yi, Alhaji. Ko taɓawa ba za mu yi ba."

"Haka wancan ya ce. Bara wani mai gyara ya buɗe min talabijin, wai leƙawa. Da ya rufe sai da ta rage nauyi. Ku masu gyaran yanzu ai mahauta ne."

Ban ga laifinsa ba, a shekarun nan kowa ya san da kayan wani ake gyara na wani. Maigida ya yi rantsuwa, ya kawo sunan kakanni, har aka gano kakarsa da kakar Alhaji sun taɓa zama unguwa ɗaya. Alhaji ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya sa aka kawo fura, amma ya ce ba mai kwance ƙusa ɗaya sai ɗansa da ke karatu a Zariya ya zo ya tsaya a kai. Yaushe zai zo? Asabar. Ana rufe karɓar takardu Juma'a.

Talata Maigida ya aika surukin Alhaji ya roƙa. Laraba ya koma da kansa. Duk amsa ɗaya: Asabar. Mutane kuwa suka fara karɓe takardunsu daga hannun Maman Yohanna, suna shiga mota zuwa Katsina su yi kwafi a can. Kullum da safe sai ta zo ta zauna a bencinmu tana kallon motocin suna cika.

Ranar Alhamis ta ce, "Malam, a gwada kawai. Ko yau da gobe na samu, na rage asara."

Maigida ya ɗauko aisi ukun ya zuba mata a tafin hannu.

"Maman Yohanna, injinki ne. In kin ce a sa, yanzu zan sa. Hanya shida, ɗaya ce daidai. Cikin biyar ɗin wata ba za ta yi komai ba, wata za ta ƙone shi har abada, ban kuwa san wacce ce wacce ba. Ba ni iya zaɓa miki."

Ta jujjuya su da ɗan yatsa. Ta ɗaga ɗaya ta duba, kamar zai gaya mata.

"Ɗan abin nan," in ji ta. "Shekara goma sha takwas Baban Yohanna ya yi yana aiki." Ta mayar masa da su. "A jira Asabar."

Asabar ɗin ɗan Alhaji ya iso. Ashe lissafin kuɗi yake karanta, bai san aisi daga ƙosai ba, amma ya tsaya a kanmu ya harɗe hannu. Injin yana cikin ɗakin ajiya, buhunan gyaɗa sun danne shi. Muka janye buhu tara. Alhaji ya ƙirga da bakinsa ƙusoshin da na kwance, ya riƙe su a aljihu, shi ya haska tocila da kansa. Ga aisi ukun nan a jere, rubutunsu raɗau: mai shida a hagu, mai huɗu a tsakiya, mai biyar a dama. Na zana a kwali, Maigida ya zana a nasa, ɗan Alhaji ma ya zana, ban san dalili ba. Duk aikin bai kai shan kofin shayi ba.

Lahadi Maman Yohanna tana coci. Litinin da safe muka kai injin shagonta, Maigida ya danna kowanne a gurbinsa, ya yi bisimilla ya kunna. Injin ya yi gurnani, fitila ta wuce, takarda ta fito tas, ba ɗigo ko ɗaya. Muka yi kwafi ashirin a jere bai shaƙe ba. Tsatsar ce dai ciwon tun farko. A bakin shagon ba kowa sai wani mai neman kwafin katin asibiti guda ɗaya.

An rufe karɓar takardu tun ranar Juma'a. Maman Yohanna ta ƙara wata uku a garin. Da Kirsimeti ta matso ta sayar wa Alhaji Ɗanjuma injin, ta kwashe 'ya'yanta suka tafi gida, ba ta dawo ba.